Fuskar da Aka Naɗe

Su uku ne abin ya shafa, kuma babu mai kwana da yunwa a cikinsu.

Akwai mai zane, mace mai ƙarancin magana, wadda ta yi suna wajen zana mata da fenti a kan kyalle. Ba ta ƙara wa kowa kyau. Tana zana mace ne yadda take in ta manta ana kallonta, mai gajiya da gajiyarta, mai fushi da fushinta. Tana da masu yabo, tana da masu saye. Yayarta ce ba ta da ita, domin doguwar jinya ta ɗauke ta bara.

Akwai mijin marigayiyar, mai shagon ɗaukar hoto, mutum mai fara'a wanda kowa yake yabo. Shi ya rasa mata, ya kuma rasa wanda zai faɗa wa zafin rashin, don bai saba a gan shi cikin damuwa ba.

Sai 'yarsu, 'yar firamare. Gidansu cike yake da hotunan uwarta, kowanne da murmushi. Amma in ta rufe ido ba wannan fuskar take gani ba, kuma ba ta da wanda za ta tambaya dalili.

Sufeto ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba sai da safiyar da aka kira caji ofis aka ce an yi sata a wani zauren baje kolin zane-zane. Ta ɗauki hularta, ta kira Kofur, suka tafi.

Dogon ɗaki ne mai fararen bango. Washegari za a buɗe shi ga jama'a, saboda haka an rataye zane-zanen an lulluɓe yawancinsu da farin yadi. Kaɗan ne a buɗe. Kofur ya bi su da kallo yana taɓe baki.

"Ranki ya daɗe, wa ya ɓata wa matan nan rai? Ko ɗaya ba ta dariya. Waccan ta kusurwa ma kamar ke in an makara wajen fareti."

"Ka sauke idonka ƙasa, Kofur. Ɓarawo ba a bango yake tafiya ba."

Mai zanen tana tsaye a ƙarshen ɗakin, gaban wani katako mai kusurwa huɗu da aka rataye. Babu komai a cikinsa sai bango.

"Ke kika kira?" in ji Sufeto.

"Ni ce. Na zo in duba su, na ɗaga yadin, na ga wannan."

"Me ke jiki?"

"Yayata. Na zana ta a shekararta ta ƙarshe. Shi kaɗai ne ba na sayarwa ba."

"Akwai wanda bai so a nuna shi ba?"

"Babu."

Amsar ta fito da sauri fiye da sauran. Sufeto ta ji, ta ajiye a ranta.

Ta duba ƙofa da tagogi, babu inda aka ɓalla. Ta dawo ta duba katakon. Ba a yanke kyallen da wuƙa ba. An bi 'yan ƙusoshin da suka riƙe shi an zare su ɗaya bayan ɗaya, an ma tara su a gefen taga. Sannan aka mayar da katakon kan ƙusarsa aka lulluɓe, kamar babu abin da ya faru.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Kofur.

Sufeto ta durƙusa. A gindin bangon akwai wasu 'yan ɓarɓashi kamar ɓawon kifi, wasu ruwan ƙasa, wasu ja mai duhu. Ta ɗauki ɗaya a kan yatsa ta nuna wa mai zanen.

"Wannan fa?"

Mai zanen ta kalla, sai ta dafa bango.

"Kuncinta ne," ta ce. "Wannan launin a kuncinta na sa shi. Innalillahi. Da fentin a ciki ya naɗe ta."

"Yi mini bayani a hankali. Ni ba mai zane ba ce."

"Fentina yana da kauri, ranki ya daɗe. In za a naɗe irin wannan kyallen, fentin ake bari a waje, don ya miƙe. In aka juya shi ciki, sai ya matse, ya tsage, ya riƙa zuba. Duk wanda ya taɓa aiki da mai zane ya san haka."

"In ya daɗe a naɗe fa?"

"Kowace awa ƙara ci yake. In ya kwana biyu, ba fuska za ku dawo mini da ita ba, tsumma ne."

Sufeto ta miƙe. Yanzu ta san aikin ba na gobe ba ne. Ta ja baya kaɗan tana duban daɓen, wanda aka goge yana sheƙi. Daura da katakon ta ga tabo uku na roba, a jere kamar duwatsun murhu. Ta ɗaga kai. Fitilun da ke sama duk suna kallon bango kai tsaye, ban da biyu da aka karkatar, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu.

"Kira mini manajan wurin nan."

Manaja ya zo yana share gumi, ga ƙamshin turare yana binsa.

"Madam, ni na san wanda ya yi. Kafintan da ke ɗaure mata kyalle a katako ne. Wa ya iya zare ƙusa haka in ba shi ba?"

"Ya zo jiya?"

"To, ban gan shi ba, amma irinsu..."

"Kafintan da ya shekara yana aiki da ita zai naɗe zane fenti a ciki?"

Manaja ya sake share gumi. Sufeto ta ci gaba.

"Wa ya shigo nan jiya?"

"Babu kowa. Ni kaɗai ke da makulli."

"Madalla. Tunda kai kaɗai ne, kai za mu tafi da kai. Kofur."

"Tsaya, Madam, tsaya! Ai magana ba ta kai nan ba."

Sufeto ta nuna masa tabon nan uku.

"Wannan sawun ƙafafun da ake ɗora kyamara ne. Waɗancan fitilun kuma an karkatar da su don kada fenti ya yi ƙyalli a hoto. Wa ka kawo ya ɗauki hoto?"

Mai zanen ta juyo. "Hoto? Ba na ce maka kada a ɗauki ko ɗaya kafin a buɗe ba?"

"Don talla ne, wallahi, don amfaninki! Kuma ba baƙo ba ne. Shi ya zo da kansa ya ce zai yi kyauta. Ya ce shi mijin yayarki ne, ɗan gida. In hana ɗan gida?"

"Ka tsaya a kansa?" in ji Sufeto.

"Na ɗan fita wajen masu buga katin gayyata."

"Da me ya fita?"

"Kayansa kawai. Jaka, da ƙafafun kyamara, da labulen nan da suke sawa a bayan mutum, a naɗe a kafaɗa."

"Ya shigo da labulen?"

Manaja ya hau sosa ƙeya.

"Mai ɗaukar hoton abin da ke rataye a bango, me zai yi da labulen baya?" in ji Sufeto. "An ba ka amanar aikin mace na shekaru, ka bar shi ka tafi yawon kati, sannan da bakinka kake neman jefa kafinta a rami. Kada ka yi nisa. Za ka zo ofis ka rubuta bayani."

A cikin mota ta zauna kusa da mai zanen. Sai da Kofur ya tayar da injin ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin ce babu wanda bai so a nuna shi ba."

Mai zanen ta sunkuyar da kai.

"Ya taɓa zuwa ɗakin aikina ya gani. Ya ce wannan ba matarsa ba ce. Ya ce in na fitar da shi, na tozarta shi."

"Me ya sa kika ɓoye mini?"

"Akwai yarinya, ranki ya daɗe. Uwa ta tafi. In aka kama uban, wa ya rage mata?"

"Ke kin rage mata. Amma ba a ɓoye wa mai wanka cibiya. Lokacin da muka ɓata a can, fuskar yayarki ce ta biya."

Shagon hoton yana kan wani titi mai hayaniya, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Tun daga ƙofa suka jiyo muryarsa.

"Murmushi, Hajiya! Ƙara kaɗan. Haba, kamar an ce ki biya haraji? Yawwa, haka nake so!"

Matar da ake ɗauka ta yi dariya, fitila ta haska, ta tashi ta fita tana yaba shi. Sufeto ta dubi bango. Rabinsa hotunan mace ɗaya ce, a tsaye, a zaune, da jariri, da gyale, ba gyale, ko'ina haƙoranta a waje, fatarta sumul kamar ba ta taɓa yin rashin barci ba.

A kusurwa wata yarinya cikin kayan makaranta tana aikin gida a kan benci. Da ta ga mai zanen ta tashi da gudu ta rungume ta.

"Anti!"

Mai hoton ya ga kakin 'yan sanda, amma fara'arsa ba ta ragu ba.

"A'a, manyan baƙi! Ƙanwata, lafiya? Ranki ya daɗe, bismillah. Hoton katin aiki ne? Zan fitar da ke kamar amarya."

Sufeto ta dubi yarinyar. Ba ta son yi wa uba tambaya a gaban 'yarsa.

"'Yan mata, ki raka Kofur kanti ya sayo mana ruwan sanyi. Shi ba ya gane hanya sai an riƙe masa hannu."

"Haka ne," in ji Kofur. "Ko jiya sai da na ɓata a cikin ofis."

Yarinyar ta dubi ubanta.

"Je ki, Mamana," ya ce.

Da suka fita, Sufeto ta juyo.

"Malam, jiya ka je zauren zane-zane?"

"Na je. Taimako na yi wa ƙanwata, ko kwabo ban karɓa ba."

"An sace zanen matarka."

"Subhanallahi! Ai kuwa na bar shi a bango."

"Da wane labule ka je?"

"Wancan shuɗin." Ya nuna wanda ke rataye a bayan kujerar ɗaukar hoto.

"Naɗe mini shi in gani."

Ya yi dariya, ya sauke labulen, ya shimfiɗa a ƙasa. Zanen lambu ne a jikinsa, da furanni da wata 'yar gada. Hannunsa ya saba. Nan da nan ya naɗe shi tsaf, lambun ya shige ciki, bayan yadin ya rage a waje.

"Me ya sa ka sa furannin a ciki?"

"Ai haka ake yi, ranki ya daɗe. Fuskar abu ake karewa daga ƙura. Ko babban hoto na wanke wa mutum, fuskar nake juyawa ciki. Wannan ko yaron shago ya sani."

Mai zanen ta rufe bakinta da hannu.

Sufeto ta taka zuwa bayan shagon, inda aka jera labulaye a naɗe a kan wata doguwar kanta. Duk bakinsu a kalmashe yake da ɗinki, ban da ɗaya da aka tura can ƙurya. Shi bakinsa ƙananan huji ne a jere, inda ƙusoshi suka fita. Ta shafa kantar a ƙarƙashinsa, ta ɗago yatsa. Ruwan ƙasa da ja mai duhu.

"Wannan wane lambun ne?"

Ya matsa da baya yana neman tare kwamfutar da ke kan tebur. Sufeto ta riga shi, ta taɓa madannin, fuskar kwamfutar ta haska.

Zanen ne, hoton da ya ɗauka jiya. Amma an yi masa aiki. An goge duhun ƙarƙashin ido, an cike kunci, an ja gefen leɓe sama. Matar da ke ciki tana murmushi irin na hotunan bango.

Sufeto ta daɗe tana aikin ɗan sanda. Ta ga masu fasa shago, ta ga masu yankan aljihu, ba su cika tayar mata da hankali ba. Amma wannan kam ya ɓata mata rai.

"Zo ki buɗe abinki," ta ce wa mai zanen.

Suka share tebur. Mai zanen ta ɗauko naɗin kamar mai ɗaukar jinjiri, ta riƙa warware shi kaɗan-kaɗan. Ana jin fentin yana ƙara, ƙas, ƙas. Da ya buɗe duka, suka matso suna kallo.

Mace ce zaune a bakin gado, ramammiya, ta dafa gwiwa da hannu ɗaya. Ta cije leɓe. Girarta a haɗe, kamar wadda ake ja da ita kuma ta ƙi sakewa. Tsaga ta bi ta kuncinta ta ratsa baki, wani wurin fentin ya zube har ana ganin farin kyalle. Idanun ne kawai ba abin da ya same su.

"Gyara nake so in yi," in ji mai hoton. Muryarsa ta canza. "Zan wanke wancan babba, in sa a firam, in ba ta ta rataya. Wannan kuma in ajiye inda ba mai gani. Ban san zai fashe ba. Wallahi kare shi nake yi."

"Garin gyaran gira ka tsone ido," in ji Sufeto. "Wa ya sa ka?"

"Ki dube ta, ranki ya daɗe! Gobe duk gari zai zo ya tsaya a gabanta. Me za su ce? Za su ce ga matar mai hoto, ashe cikin baƙin ciki ta mutu. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba! Magani, asibiti, me ban yi ba?"

"Ba ka bar ta ta ce wayyo ba, Yaya," in ji mai zanen. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "In ciwo ya murɗe ta, sai ka ce ta saki fuska, baƙi na zuwa. Ranar da aka faɗa mata ba za ta tashi ba, hoto ka ɗauke ta. Ita ta kira ni. Ta ce, ki zana ni yadda nake, ko mutum ɗaya ya san na ji zafi, kuma ban so tafiya ba."

"Don yarinya na yi! Yaro bai kamata ya ga uwarsa haka ba. Shi ya sa duk ranar da ta kasa sakin fuska nake rufe ƙofar ɗakin, in ce wa Mamana uwarta ba ta son a dame ta. Uwar tana kiranta, ina cewa yarinyar ta yi barci. Laifi ne in kare 'yata?"

"Tana kiranta?" in ji Sufeto.

"Kullum. Amma a wannan kamannin..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya tsaya a bakin ƙofa. Yarinyar ce tsaye da robar ruwa a hannu, Kofur a bayanta ya rasa inda zai sa kansa.

Sufeto ta so ta tare ta, sai ta fasa. An tare yarinyar nan ya isa.

Yarinyar ta shigo a hankali, ta ajiye ruwan, ta tsaya a gaban tebur. Ba ta dubi kwamfutar ba. Ta daɗe tana kallon zanen, hannayenta a baya kamar yadda ake koya musu a makaranta in an je kallon abin da ba a taɓawa.

"Mama ce," ta ce. Sannan ta karkata kai. "Anti, me ya sa ba ke take kallo ba? Gefe take kallo."

"Ƙofa ce a wajen, 'yata. Na yi na yi ta dube ni, ta ƙi. Ta ce lokacin tasowarku daga makaranta ya yi, kada ki leƙo ba ta gani ba."

Yarinyar ta juya ta dubi ubanta. Ba ta yi kuka ba. Shi ne ya nemi murmushin nan nasa ya rasa, ya zauna a kujerar da yake zaunar da mutane, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Ni na zare ƙusoshin, ni na naɗe. Ku rubuta."

"Za ka faɗa a ofis," in ji Sufeto. "Sata ce, da ɓarnata kayan wani. Abin da ya fi su nauyi kuma babu shi a littafin doka, kai da 'yarka ne. Tashi, Malam."

Kofur ya laluba ankwa. Sufeto ta girgiza masa kai, ya mayar. Mai hoton ya kashe fitilun shagon da kansa, ya miƙa wa mai zanen makulli.

"Zai gyaru?" Sufeto ta tambaye ta.

"Zan tsayar da zubar. Tsagar kuwa ba za ta ɓace ba."

"Gobe za ki rataye shi?"

Mai zanen ta dubi yarinyar. Yarinyar ta ɗaga kai alamar e.

Aka fita da mai hoton ta gaban mai gyaran waya da masu jiran magani, Kofur na gefensa, aka sa shi a bayan mota. Sufeto ta waiwaya kafin ta shiga. Ta cikin ƙofar shagon ta hango yarinyar ta zagaya teburin, ta je ta tsaya daidai gefen da idanun suke kallo.

A ranar yarinyar ta gane cewa uwarta ba ta taɓa korarta ba. Jiranta take yi, aka rufe ƙofa.